Shekara bakwai ina auna wuyanta

Ni tela ne. Shagona yana bakin kasuwar Tawa, karatuna kuma bai wuce ajin ƙarshe na lakkol ɗin firamare ba, don haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna. Abin da na iya a duniya shi ne awo. In mutum ya tsaya gabana, kafin in ɗora masa mitar awo na san faɗin kafaɗarsa, amma duk da haka sai na auna, sau biyu, wani lokaci sau uku, har mai riga ya ce, “Tela, jirgi za ka ƙera?” Haka Allah ya yi ni. Nakan kulle shago in kai har kwanar gidanmu, in dawo in sake taɓa kwaɗon.

Matata ƴar wani ƙauye ce a arewacin Barmou. Wata biyar da aurenmu na fara ganin ciwon. Ta tashi da safe hannunta na dama ya kumbura suntum, yatsun ba sa lanƙwasuwa. Babu ƙaiƙayi, babu ja, babu alamar cizo. Na ruɗe, na ɗaga tabarma ina neman kunama. Ita kuwa dariya take yi.

“Malam, aje tabarmar nan. Abin gidanmu ne. Kwana ukku ya sace.”

Haka kuwa aka yi. Mahaifinta ya yi fama da shi, yayanta namiji ma yana da shi. Wani lokaci leɓe yake kamawa, wani lokaci ƙafa, wani lokaci ya shiga ciki, ta yi ta murƙususu da amai kamar mai naƙuda. Mun sha rubutu, mun jiƙa sassaƙe, mun sayi ƙwayar da ake ba masu borin jini a farmasi. Babu wanda ya taɓa shi. Yakan zo bayan wata biyu ko uku, ya yi kwanakinsa ya tafi.

A lokacin matata mai barci ce ta gaske. Da bazara, in muka fito da shimfiɗa tsakar gida, takan yi barci kafin in gama ɗaure gidan sauro. Akwai daren da ruwan farko ya sauko, na kwashe yara na kai ɗaki, na dawo na tarar tana nan kwance ruwa yana dukan zanenta, sai da na girgiza ta. Kiran asalatu kuma yana yi za ta miƙe garau, ta hura wuta a ƙofar gida ta fara tuyar ƙosai. Daga zaure nakan ji dariyarta da ta matan unguwa, ita ce ke fin kowa ƙara.

A shekara ta shida da aurenmu, bayan girbin gero, yayan nata ya rasu. Haƙori ne ya dame shi, ya je kasuwar ƙauye aka cire masa. Da yamma kumatunsa ya tashi, kowa ya ce ai haka cirar haƙori take. Ya sha ƴar fura ya kwanta a gadon kara kusa da rumbu. Da safe aka tarar babu rai. Da yake ni ne tela a cikin dangi, ni na yanka likkafani, kuma ina cikin waɗanda suka shiga wanka. Na ga fuskarsa, na ga wuyansa. Ba zan rubuta yadda suke ba.

A wurin zaman makoki matarsa tana bayan darni tana maimaita magana guda, muna jin ta daga wajen maza.

“Da na tada shi. Na ji minsharinshi ya canza, na ce gajiya ce. Da na tada shi.”

Da maganar nan a kunnena muka koma Tawa. Daren farko ban runtsa ba. Na kwanta ina sauraron numfashin matata, in ya yi nauyi gabana ya faɗi, in ya yi shiru gabana ya faɗi. Na kunna tocila na haska fuskarta. Ban ga komai ba, amma ni ko a kan yadi ban taɓa yarda da idona ba, balle a cikin duhu. Da gari ya waye na je shago, wani malamin lakkol ya kawo shadda, na zagaya mita a wuyansa, sai na tsaya cak. Na ce a raina, ga abin da ba ya ƙarya.

Da yamma na zo da mitar gida, na ce ta tsaya ta ɗaga haɓa. Talatin da huɗu. Na sa biro ja na yi alama a wurin.

“Riga za a yi mani?” in ji ta. “Shekara shida ina roƙo, sai yau. Amma wuya kaɗai? Sauran jikin fa, haka zan tahi biki?”

Na yi mata bayani: in wuyan ya fara tashi cikin dare, mita za ta nuna, mu ruga asibiti. Yayanta ko kwana goma bai yi a ƙasa ba, ita ma tsoron yana cikinta. Ta ce, “To. Yi yadda ka gani.” Wannan “to” ɗin na riƙe shekara bakwai kamar takardar izini.

Ga yadda nake yi. Ina aunawa bayan isha'i in za ta kwanta, wannan ba ya damun kowa. Sai in saita wayar salula ta yi ƙara ƙarfe sha biyu, da kuma ƙarfe uku. Ba a iya zagaya mita a wuyan wanda ke kwance sai an ɗaga kansa. Ƙarfen bakin mitar yana da sanyi. Tocila kuma a bakina nake riƙe ta don hannuna biyu suna aiki, hasken ya faɗa mata a ido. In lambar ta zarce jan layin ko da faɗin zare ne, sai in ce ta tashi zaune, domin kwanciya tana karkata nama, in sake. Akwai lokacin da na yi shakkar zafi ya sa mitar ta miƙe, na sayi sabuwa. Na haɗa su na ga sun ɗan saɓa. Daga ranar nan da biyu nake aunawa.

Da farko wasa ta mai da abin.

“Tela, in likkafani ne ka bari gari ya waye.”

“A'uzu billahi. Ki daina irin wannan magana.”

“To kai ma ka daina yi mani awon gawa.”

Sai ta juya ta ja zane. Ni kuma in kwanta da kwanciyar hankali, in yi barcina mai daɗi har salula ta sake ƙara. Wannan shi ne abin da ban lura da shi ba. Ni awon ke ba ni barci. Ita kuwa in an tashe ta, barcin ba ya komowa da wuri. Takan yi awa guda tana kallon rufin ɗaki, yana fara ɗaukar ta kuma sai ga ni a kanta da tocila a baki.

A hankali ta canza. Ƙasan idonta ya yi baƙi. Ta sa gishiri sau biyu a miya, wata rana ta manta gaba ɗaya. Takan zauna tahiya a sallar azahar, kanta ya yi ƙasa, sai ƴarmu ta fari ta taɓa ta. Matar da ba ta taɓa ɗaga murya a kan yara ba ta koma tsawa a kan ƙaramin abu, daga baya ta zauna tana kuka. Na ga duk wannan da idona. Na ce ciwon ne ke cin ta.

Ba zan ce ba ta gaya mani ba. A damina ta uku da fara awon, wani dare na ɗaga kanta, sai ta riƙe hannuna da ƙarfi.

“Malam, don girman Allah ka bar ni in yi barci dare guda. Guda ɗai. In na mutu na yafe maka, ka faɗa ma kowa ni na ce.”

Hawaye take yi. Na ce na daina, in sha Allah. Dare biyu na daure, ina kwance idona biyu kamar an shimfiɗa mani ƙaya. A dare na uku na yi wa kaina fatawa: ai ban rantse ba, in sha Allah kawai na ce, kuma abin da ta roƙa shi ne kar in tashe ta, ba ta ce kar in auna ba. Na cire ƙarfen bakin mitar na naɗe wurin da ƙyalle. Na rufe fuskar tocila da guntun shuɗin yadi. Na kashe ƙarar salula na sa ta ƙarƙashin matashina, motsinta kawai nake ji. Kafin in auna, nakan ɗumama mitar a hammata. Na koyi zura ta ta ƙarƙashin wuya a hankali ba tare da na ɗaga kan ba. Ba ta motsa ba. Na ji daɗin kaina ƙwarai, na ce yanzu kowa ya samu abin da yake so.

Kumburin kuwa sai ƙara yawa yake. Abin da ke zuwa bayan wata biyu ko uku ya koma sau biyu a wata. Na yi tunani, na ce tunda ciwo ya ƙaru tsaro ma ya kamata ya ƙaru. Na ƙara awo ɗaya, ƙarfe ɗaya da rabi. Na hana ta kifin Tabalak, na hana ta gyaɗa, na hana ta ƙwai. Ba wanda ya ce mani su ke kawo shi, zato ne nawa.

A shekara ta biyar da fara awon, wata safiya ta sanyi, gyangyaɗi ya ɗauke ta a gaban kasko. Gwiwarta ta bugi kaskon, mai ya zubo mata a hannu. Ƙunar ba ta yi zurfi ba, amma ta tayar da kumburin, hannun ya tashi har kafaɗa. Da ta warke, ta wanke kaskon ta ba maƙwabciyarmu. Ina zaure na ji maƙwabciyar tana cewa, “Ke kam, barci gaban wuta? Ko maigidan ne ba ya barin ki runtsawa?” Matan suka kwashe da dariya da shewa. Matata ma ta yi dariyar. Ni kuma na ji kunya a kan abin da suke nufi. Ban tsaya na ji cewa gaskiya ce aka faɗa ba.

Kumburin da muke tsoro ya zo a shekara ta bakwai da fara awon, kuma da rana ya zo. Ranar kasuwa ce, na dawo gida bayan la'asar in ci abinci. Ta yi kwana biyu da mura. Ta aje mani kwano, ta tsaya.

“Malam, yawu ba ya wucewa.”

Muryar ba tata ba ce, kamar ta wani tsoho. Na zaro mita daga wuyana na auna. Talatin da huɗu. Na sake. Na shiga ɗaki na ɗauko ta biyun. Daidai jan layi.

“Ba komai,” na ce. “Murar ce. Bari in sa a dafa maki citta.”

Ni da ban taɓa sakankancewa da komai ba a rayuwata, ranar na yi magana ba ko shakka. Ta dube ni. Ba ta ce komai ba, mai yiwuwa ba ta iya ba. Ta fizgi hijabinta daga igiyar shanya, ta fita da takalmi ƙafa ɗaya. Kafin in kai ƙofa ta tsai da kabu-kabu ta hau. Na tari wani na bi ta, mita tana lilo a ƙirjina.

A asibiti ba su ɓata lokaci ba. Sun sa mata iska a hanci, sun ƙara mata wani ruwan jini mai launin rawaya, kuma na ji suna cewa a shirya kayan aiki kusa ko da numfashin zai tsaya. Na kwana a tsaye a baranda. Wajen asuba wata ma'aikaciya ta fito ta ce ya fara sauka.

A rana ta uku lokotoro, wato likitar da ta duba ta, ta zauna da mu. Mace ce ƴar siririya mai tabarau, Hausarta ta Damagaram. Ta tambayi waye da waye ke da shi a dangi. Ta tambayi abin da ke zuwa kafin ya tashi. Ta ce ciwo ne da ba a cika samun sa ba, a jini yake, ana gadon sa, shi ya sa ƙwayar borin jini ba ta yi masa komai. Daga nan ta ce, “Barci fa? Kina samu?”

Matata ta dube ni. Na ɗauka so take in yi bayani, sai na gyara zama na yi, har da ɗan alfahari. Na faɗi lokutan, na faɗi dabarar ƙyalle da shuɗin yadi. Na ciro mitar na miƙa mata. Ta karɓa, ta daɗe tana kallon jan layin, ta mayar mani.

“Malam, wanda ke kisa a ciki yake, cikin maƙogwaro. Kafin ya fito inda mitarka za ta gan shi, ya riga ya toshe hanya. Ita ce za ta fara sani, a haɗiya da murya. Ran nan me mitarka ta ce?”

“Talatin da huɗu.”

“Ita me ta ce?”

Na naɗe mitar na sa a aljihu.

“Gajiya da tashin hankali suna cikin abubuwan da ke tayar da shi ga mutane da yawa. Ba zan ce kai ka jawo mata ba, da shi aka haife ta. Amma shekara nawa ka ce?”

“Bakwai.”

Ta cire tabarau ta juya wajen matata. “Yaya, shekara bakwai, kuma ba ki maka masa taɓarya ba?”

Matata ta yi dariya da dusasshiyar murya har ta riƙe maƙogwaro. Ni ma na yi ƙoƙarin yi, bakina ya ƙi.

Ta rubuta mata ƙwayoyi. Ta ce duk ranar da haɗiya ta canza a taho nan take, dare ko rana, kar a jira kowa ya tabbatar. Ta ce kar a cire mata haƙori sai a asibiti. A bakin ƙofa ta ƙara da cewa, ni take kallo, a bar ta ta yi barci.

Ranar da aka sallame ta, muna isa gida ta ɗaure kaya kaɗan. “Zan tahi in ga Inna,” in ji ta. Babu fushi a fuskarta, da ma akwai da na fi samun sauƙi. Ƙanwata ta zo ta zauna da yara.

Na daure sati biyu, sannan na shiga motar kasuwa zuwa Barmou, na ƙarasa a kan amalanken wani manomi. Na isa da azahar. Tsakanina da surukata akwai kunya irin ta mutanenmu. Shekara goma sha uku ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ba ta taɓa kallon fuskata ba, maganarmu ba ta wuce gaisuwa daga nesa, ni a durƙushe ba takalmi. Na tarar ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar wata bukka, ta tare ƙofar da jikinta, tana tsinkar zogale a ƙwarya. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa. Na tambayi mai jiki.

Ta juya mani baya, ta fuskanci kajin da ke tsattsagar ƙasa kusa da rumbu, da su ta yi magana.

“Barci take. Ta tashi asuba ta yi salla ta koma. Wanda duk ya zo, ko daga Tawa yake ko daga Makka, ya zamna can ƙarƙashin iccen bedi.”

Na ce, “Inna, leƙawa kawai zan yi.”

“Babu leƙe.”

Ta ci gaba da tsinkar ganye. Na ɗauka ta gama. Can sai ta sake magana, har yanzu kajin take kallo.

“Ni na auri mai wanga ciwo, na haifi biyu da shi. Tun yarinyar nan tana shekara tara nake zama bakin ƙofa ina saurare. Ban taɓa tada ta ba. Tsoron nawa ne, ni ya kamata ya hana ma barci. Yanzu an ba ni labarin wani, wai son ɗiyata yake, kowane dare sau huɗu yana sauke mata tsoronshi bisa wuya, shi ya koma ya yi minshari. Na ba da yarinya mai jiki, mai dariya, an maido mani tsohuwa.”

Ta watsa wa kajin kara. Muryarta ta yi ƙasa.

“Matar ɗana har yau tana cewa da ta tada shi. Na ce mata, da kin tada shi, mota tana ina? Likita yana ina? Sai dai ya mutu idonshi biyu.”

Ban san lokacin da na tashi na koma ƙarƙashin bedin ba. Na zauna har la'asar ta yi sanyi. Ba a kawo mani ruwa ba sai da aka daɗe, kuma ban ga laifin kowa ba.

Da matata ta fito, fuskarta ta ɗan tasa, idanun sun yi luhu-luhu. Hannuna ya tafi aljihu da kansa, inda mita take. Ta gani.

“Kumburin barci ne, Tela. Ka manta kamanninshi.”

Muka zaga bayan rumbu. Na fara ba da haƙuri, ta ɗaga hannu.

“Tsaya. Wannan haƙurin naka shi ya sa na daina buɗe ido. Kana tsammanin ƙyallenka da shuɗin yadinka sun yi aiki? Ko sau ɗaya ba ka taɓa ni ban farka ba. Amma in na buɗe ido sai ka zauna kana ba ni haƙuri rabin awa, kana tambaya ko na yafe. In na yi lamo, minti biyu ka gama ka kwanta.”

Shekara huɗu ke nan tana kwance ido rufe tana jiran in gama. Na tambaye ta me ya sa ba ta kai ƙarata wurin manya ba. Ta ce, “In ce mi? Mijina yana tsoron in mutu? Dariya za su yi mani, su ce ki gode Allah.”

Na tambaye ta ko za ta dawo. Ta ce ba ta sani ba tukuna. Ta ce a nan takan kwanta bayan isha'i, amma har yanzu tana farkawa sau uku, sai dai in ta farka ta ga babu kowa a kanta, jikinta ya saki. Ta ce tana son ta ga ko barcin zai haɗe.

Wata huɗu ta yi. Ta dawo bayan an gama shigar da gero rumbu, da sharaɗinta, kuma a gaban ƙanwata ta faɗa don a samu shaida. Ita a ɗaki, ni a zaure. Ba za ta sa sakata ba, amma ba zan taka bakin ƙofar ba daga isha'i har ta fito da kanta. Kusa da katifarta akwai farantin ƙarfe da ludayin ƙarfe, in ta ji haɗiya ta canza za ta buga. Wani maƙwabcinmu mai kabu-kabu ya yarda a ƙwanƙwasa masa kowane lokaci. Na amince da duka.

Yau shekara biyu ke nan. Kumburin yana zuwa har yanzu. Ina ganin kamar ya ragu, amma ina tsoron in rubuta abin da ban tabbatar ba. Farantin bai taɓa ƙara ba, alhamdu lillahi. Abin da bai dawo ba shi ne barcin. Daga zaure nakan ji ta ƙarfe sha biyu tana buɗe murfin randa. Ɗaya da rabi ta yi tari, ta juya. Ƙarfe uku katifa ta yi motsi. Babu salula, babu tocila, babu ni, jikinta ne ya riƙe lokutan. Lokotoron ta ce yana iya komowa a hankali, ba ta yi alkawari ba. Kaskon ƙosai yana nan wurin maƙwabciya, matata ba ta taɓa tambayar sa ba. Na yi mata tayin sabo, ta ce asuba yanzu ita ce lokacin da ta fi jin nauyin kai.

A sanyin da ya wuce, wani dare na ji murfin randa ƙarfe sha biyu, daga nan ban sake jin komai ba. Ɗaya da rabi shiru. Uku shiru. Na tashi zaune, na jingina da bangon da ke tsakaninmu, na kasa kunne. Numfashinta yana nan, dogo, a hankali. Aka kira asalatu, ba ta motsa ba. Na je masallaci na dawo, ba ta motsa ba. Gabas ta fara ja.

Na tsaya a tsakar gida, taku uku daga ƙofarta. In na bar ta, salla za ta wuce ta, kuma ina gani, alhakin yana iya hawa kaina. In na kira ta, na karya sharaɗi, na katse barci na farko da ya haɗe mata tun ban san yaushe ba. Na ɗaga ƙafa na mayar ya fi sau goma. Na kori zakara zuwa waje. Yara suka tashi, na yi masu alama da hannu, na ba su shayi da burodi a zaure, suka tafi lakkol a kan yatsun ƙafa. Ban buɗe shago ba.

Sai da hantsi ya ɗaga ta fito. Ta kalli rana, ta kalle ni.

“Innalillahi. Malam, kana tsaye nan ka bar ni rana ta hito? Shekara da shekaru kana tada ni a banza, yau da ke da dalili ka zama kurma?”

Na ce ban san abin da ya kamata in yi ba.

“Kai dai ba ka taɓa sani ba,” in ji ta. Ta ɗauki buta.

Ta yi alwala ta rama sallar. Na ɗauka za ta hura wuta, sai na ga ta naɗe dardumar, ta tsaya tana hamma, ta ce in gaya wa ƙanwata ta zo ta ɗora abincin rana. Ta koma ɗaki ta saki labule.

Da azahar na tambayi limaminmu hukuncin wanda ya ga mai barci zai rasa salla bai tashe shi ba. Ya tambaye ni dalili, na gaya masa duka tun daga farko. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce in yi istigfari, kuma in wata rana haka ta sake faruwa in zo mu yi magana. Ba ta sake faruwa ba tukuna. Washegari ƙarfe ɗaya da rabi na ji tarinta.